Rufaida al-Aslamiyya, mai jinyar Sahabbai

Rufaida, Allah ya yarda da ita, sahabiya ce daga ƙabilar Aslam. Hemarta tana cikin masallacin Madina, inda take jinyar masu rauni. Ibn Is'haƙ ya ambata cewa takan yi hidima da kanta ga Musulmin da suka rasa mai kula da su, tana neman lada wurin Allah.

A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu. Manzon Allah (SAW) ya yi umurni a kwantar da shi cikin hemar Rufaida, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Shugaban Ausu sukutum aka damƙa mata amanarsa! Safe da maraice Annabi yakan biyo ya tambaye shi yadda ya kwana da yadda ya wuni, Sa'adu kuma ya gaya masa.