Woody Guthrie, Mawaƙin Da Ya Bar Baitoci Babu Kari

Kowace shekara idan watan Satumba ya kama, akan rufe wasu titunan tsakiyar birnin Greensboro na Jihar North Carolina domin bikin kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙen gargajiya, al'adar da ta ɗore tun bayan da birnin ya karɓi baƙuncin bikin ƙasa baki ɗaya daga 2015 zuwa 2017. Da wuya a samu mai rataye da jita a irin wannan taro wanda bai ɗebi wani abu daga Woody Guthrie ba, wato mawaƙin talakawan Amurka da ya rasu tun 1967. Sai dai wasu daga cikin waƙoƙinsa da suka fi farin jini a yau, ba a taɓa ɗaukar muryarsa yana rera su ba.

An haife shi ranar 14 ga watan Yuli na 1912 a Okemah, wani ƙaramin gari a Jihar Oklahoma, aka raɗa masa sunan Woodrow Wilson, wanda ya lashe zaɓen shugaban ƙasa a wannan shekara. Gidansu ya sha jarrabawa. Yayarsa Clara ta mutu sanadin ƙunar wuta a 1919, mahaifinsa kuma ya karye a cinikin filaye. Mahaifiyarsa Nora, wadda a bakinta ya fara jin tsofaffin waƙoƙi, halinta ya riƙa sauyawa har aka kai ta asibitin masu taɓin hankali, inda ta rasu a 1930. Iyalin ba su san cewa ciwon gado ne ke cin ƙwaƙwalwarta ba.

Yana zaune a garin Pampa na Jihar Texas lokacin da fari da guguwar ƙura suka lalata gonakin yankin. A 1937 ya bi ayarin manoman da suka rasa kome zuwa Kalifoniya, ya samu fili a wani gidan rediyo na Los Angeles, yana yi wa 'yan gudun hijirar waƙar halin da suke ciki. Wanda ya san yadda Ɗan Maraya Jos ya tsaya wa karen mota da kuntiginsa zai gane irin matsayin da Guthrie ya samu a zukatan waɗannan bayin Allah.

A 1940 ya sauka New York. A watan Fabrairu ya rubuta This Land Is Your Land, wadda ta fi duk waƙoƙinsa shahara. A watan Maris Alan Lomax ya ɗauki muryarsa domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A shekarar da ta biyo baya hukumar wutar lantarki ta Bonneville ta ɗauke shi aikin wata guda, ya tsara mata waƙoƙi 26 kan madatsun ruwan kogin Columbia. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a jiragen ruwan dakon kaya.

Bayan yaƙi ya zauna da matarsa ta biyu, Marjorie, a wani gida da ke titin Mermaid Avenue a unguwar Coney Island ta birnin New York. A nan ne alƙalaminsa ya fi gudu, a nan ne kuma kasuwarsa ta fara ja da baya. Yakan wayi gari yana buga tafireta, ya rubuta kan yara da soyayya, da 'yan ƙwadago, da taurarin silima, amma kaɗan ne daga ciki suka kai ga faifai. A 1947 wuta ta sake shiga gidansa, ta yi ajalin 'yarsa Cathy mai shekara huɗu. Daga nan tafiyarsa ta fara tangaɗi, maganarsa ta fara sarƙewa, mutane suka ɗora laifin a kan giya. Sai a 1952 likitoci suka tabbatar cewa cutar Huntington ce, irin ta mahaifiyarsa, wadda ɗan mai ita ke da rabi da rabi na yiwuwar gadonta. Daga 1956 asibiti ya zama gidansa, hannu ya kasa riƙe jita, daga bisani baki ya kasa furta kalma. Ya rasu ranar 3 ga watan Oktoba na 1967 yana da shekara 55.

Ya bar baitocin waƙoƙi kimanin 3,000, mafi yawansu babu kari, domin bai saba rubuta alamomin kiɗa ba. Karin yana cikin kansa, ya kuma tafi da shi kabari. Wannan akasin abin da muka sani ne game da Mamman Shata, wanda ke tsara waƙa nan take a gaban kalangu: shi ya bar mana murya a faifai da kaset, Guthrie kuwa ya bar takardu cikin akwatuna. Bob Dylan, wanda ya riƙa ziyartarsa a asibiti a 1961, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa Guthrie ya tura shi ya ɗebo takardun, amma ya je bai tarar da Marjorie a gida ba.

Takardun suka jira har 1995, lokacin da 'yarsa Nora, mai sunan kakarta, ta gayyaci Billy Bragg, wani mawaƙin Ingila mai ra'ayin 'yan ƙwadago, ya duba su. Bragg ya jawo ƙungiyar Wilco ta Amurka, suka haɗa salon gargajiya da jitar lantarki da ganguna, suka fitar da faifan Mermaid Avenue a watan Yuni na 1998. Kashi na biyu ya fito a 2000, aka haɗa aikin duka a 2012 da Guthrie ya cika shekara ɗari da haihuwa. Faifan ya nuna wa jama'a wani Guthrie da ba su sani ba, mai barkwanci da bege, wanda har ya yi wa tauraruwar silima Ingrid Bergman waƙa.

Tambayar da ba ta gushe ba ita ce, waƙar wa ke nan? California Stars, alal misali, kalmomin Guthrie ne, amma karin da ya sa ta shiga zukata na mutanen Wilco ne, kuma mai baitocin ba ya nan balle ya ce ya yarda. A ganina Nora ba ta ci amanar mahaifinta ba. Shi kansa aron kari yake yi ba tare da jin kunya ba, har karin This Land Is Your Land daga waƙar iyalin Carter ya samo shi. Illa dai ya kamata mai sauraro ya san inda hannun mamaci ya tsaya da inda na masu rai ya fara.

Wasu sun biyo baya. Ƙungiyar Klezmatics ta samu lambar Grammy da faifan Wonder Wheel na 2006, Dropkick Murphys kuma suka mai da wasu gajerun baitocinsa waƙar da ta yi tashe a silimar The Departed. Rhiannon Giddens, haifaffiyar Greensboro, tana cikin mawaƙan da a 2014 suka yi irin wannan aiki da baitocin da Dylan ya rubuta a 1967 ya ajiye, ko da yake shi da ransa ya miƙa su. Takardun Guthrie kuwa suna cibiyar da aka buɗe da sunansa a birnin Tulsa na Oklahoma a 2013, kuma mafi yawansu har yanzu ba a sa musu kari ba.