Dokta Barau Dikko (1912–1977): Likitan Farko Ɗan Arewa

Gabatarwa

A kan Titin Lafiya, a ɓangaren birnin Kaduna da ke arewa da kogi, akwai wani babban asibiti da kowa ya sani da sunan Barau Dikko. Kullum da sassafe akan ga mata masu juna biyu sun yi layi a sashen awon ciki, wasu daga Unguwar Rimi, wasu daga Kawo ko Unguwar Sarki, wasu kuma an turo su daga ƙananan asibitocin karkara. Kaɗan ne daga cikinsu suka san ko wane ne mai wannan suna. Shi ne Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, mutum na farko daga Jihar Arewa ta dā da ya zama cikakken likitan zamani. Wannan babi zai duba rayuwarsa da aikinsa, tare da halin da haihuwa take ciki a zamaninsa, domin a nan ne ake ganin girman giɓin da ya tarar tsakanin jama'a da asibiti.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Barau Dikko a ƙasar Zazzau a shekarar 1912, wato shekara biyu kafin a haɗe Arewa da Kudu su zama Nijeriya ɗaya. Ya taso a hannun Dokta Walter Miller, Baturen mishan na ƙungiyar C.M.S., wanda ya zauna a cikin birnin Zariya tun daga 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Daga bisani aka mayar da wannan mishan zuwa Wusasa, bayan gari. Miller shi kansa likita ne, kuma gwanin Hausa. Dikko Kirista ne, kamar sauran yaran da suka tashi a wannan gida, amma harshensa da tarbiyyarsa duk na ƙasar Hausa ne.

Bayan ya gama makarantar mishan sai ya wuce King's College da ke Legas, wadda a lokacin ba ta da ta biyu a makarantun gwamnati. Daga nan ya ƙetare zuwa Ingila, ya shiga Jami'ar Birmingham domin koyon aikin likita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a shekarun 1930. Kudancin Nijeriya ta riga ta sami likitoci 'yan ƙasa tun a ƙarni na 19, amma Arewa, duk faɗinta da yawan jama'arta, ba ta da ko guda ɗaya. Yawancin 'yan bokon Arewa na wancan lokaci Kwalejin Katsina ce ta horar da su, kuma aikin koyarwa ko na En'e suke kamawa.

Abin da Ya Tarar a Ingila

Dikko ya yi karatu ne a daidai lokacin da ilimin karɓar haihuwa ya sami canji mafi girma a tarihinsa. Kafin 1935, ko a Ingila ma, zazzaɓin bayan haihuwa yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu jego. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga mahaifa bayan an haihu, su bi jini, kuma babu maganin da ke tsayar da su. A 1936 wani likita mai suna Leonard Colebrook ya gwada sabon magani, Prontosil, a kan masu jego a asibitin Queen Charlotte da ke Landan, aka ga yawancin waɗanda a dā da sun mutu suna tashi. Shekara guda kafin haka, a 1935, Chassar Moir da Harold Dudley sun tace maganin da ake kira ergometrine, mai sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, jini ya tsaya.

A Birmingham ɗin kanta, wata likitar mata, Hilda Lloyd, ta kafa ayarin gaggawa a 1936. Idan mace ta shiga haɗari a gida, sai likita da ungozoma su ɗauki kayan aiki su same ta a ɗakinta, maimakon a jira a kawo ta asibiti jina-jina. Bayan waɗannan sai ga penisilin a shekarun 1940, ƙarin jini ya zama abin yau da kullum, fiɗar ciro jariri kuma ta rage haɗari. Daga tsakiyar shekarun 1930 mutuwar mata wajen haihuwa ta soma raguwa sosai a Ingila.

Abin da Ya Tarar a Gida

A 1940 Dikko ya kama aikin gwamnati a matsayin ƙaramin jami'in likita. Likitan gwamnati a wancan zamani ba ya zaɓen cuta. Shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai fiɗa, shi ake tasowa da tsakar dare idan naƙuda ta gagara. Asibitoci kaɗan ne, kuma a manyan garuruwa suke. Ko a Kaduna, wadda ta zama hedikwatar Arewa tun 1917, wurin jinyar Turawa daban yake da na 'yan ƙasa.

A ƙasar Hausa kuwa haihuwa sha'anin cikin gida ce. Mace kan koma gidan iyayenta goyon ciki idan na fari ne, kuma kunya takan hana ta faɗin abin da ke damunta. Takan durƙusa ita kaɗai, sai bayan ta sauka a kira ungozoma ta yanke cibiya, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya. Wannan tsari yana da alherinsa, domin mai jego tana samun hutu da kulawar dangi har kwana arba'in. Amma ba shi da dabarar fita daga haɗari guda uku: doguwar naƙuda, da zubar jini, da jijjiga.

Doguwar naƙuda ita ce ta fi barin tabo. Idan ƙugun uwa ya yi wa kan jariri kaɗan, kamar yadda yakan faru ga yarinyar da ba ta gama girma ba, sai kan ya tokare kwana biyu ko uku, yana danne mafitsara a jikin ƙashi. Naman da aka danne yakan mutu, ya zube, ya bar ƙofa. Wannan shi ne asalin yawancin yoyon fitsari. Sau da yawa jaririn ba ya rayuwa, uwar kuma ta rasa ɗa, wani lokaci ta rasa aure. Yankan gishiri, wanda ake yi da aska da nufin buɗe hanya, shi ma yakan huda mafitsara.

Maganin waɗannan duka yana asibiti, amma mutane ba su yarda da asibiti ba. Ana ganinsa wurin Nasara, inda namiji baƙo, wanda ba ya jin Hausa sai da tafinta, zai duba matar aure. Saboda haka ba a kai mace sai an gama duk dabarun gida, rai ya kai ga maƙogwaro. Idan ta cika a can, sai labari ya bazu cewa asibiti ne ya kashe ta, tsoro ya ƙaru. A irin wannan hali, samun likita da zai gaisa da maigida da harshensa, ya san abin da ake nufi da kunya da kulle, ba ƙaramar riba ba ce. Ganin Dikko cikin farar riga ya nuna wa iyaye cewa ɗan Arewa ma yana iya wannan aiki.

Jam'iyyar Mutanen Arewa

Dikko ya fahimci cewa ciwon Arewa bai tsaya ga jiki ba. A 1948 shi da Malam D.A. Rafih suka jagoranci tarurrukan 'yan boko a Zariya da Kaduna, waɗanda suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. A watan Yuni na 1949 aka yi babban taronta na farko a Kaduna, aka zaɓi Dikko shugaba. Cikin waɗanda suka riƙe muƙamai tare da shi akwai Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Sa'adu Zungur, da Aminu Kano. Manufar ƙungiyar ita ce yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. Abin lura a nan shi ne, taron da mafi yawansa Musulmi ne ya ɗora Kirista a kan kujerar shugabanci, saboda iliminsa da mutuncinsa.

A 1951 ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato N.P.C. Da yake doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa, dole Dikko ya zaɓi ɗaya. Sai ya sauka daga shugabanci, ya riƙe aikinsa na likita.

Ƙarin Girma da Aikin Tarayya

A 1953 ya zama babban jami'in likita. A 1957 aka ɗaga shi zuwa sashen yaƙi da cututtukan da suka zaunu a ƙasa, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Cututtuka irin su ciwon barci da kuturta da zazzaɓin cizon sauro su ne suka addabi karkara a lokacin, kuma na ƙarshen yana da alaƙa ta kai tsaye da haihuwa, domin yana ƙarar da jinin mai ciki, ya sa ta haifi jariri marar nauyi. A 1960, shekarar samun mulkin kai, Dikko ya kai matsayin Babban Sakatare a Ma'aikatar Lafiya da ke Kaduna.

A 1967 Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya naɗa shi Kwamishinan Ma'adinai da Lantarki na Tarayya, ya riƙe wannan muƙami a duk tsawon yaƙin basasa. A 1971 aka mayar da shi Ma'aikatar Sufuri. A shekarar da ya tafi Legas, wato 1967, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar koyon aikin likita a Zariya, Arewa ta fara horar da likitocinta a gida.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Dokta Barau Dikko ya rasu a 1977. Shekara guda kafin rasuwarsa, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka fara wani babban bincike a asibitin Zariya, inda suka bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da naƙuda ta gagara aka kawo su. Ke nan giɓin da Dikko ya tarar a 1940 ya ragu, amma bai rufe ba.

Domin tunawa da shi aka sa wa tsohon asibitin Nursing Home na Kaduna sunansa. A yau shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, inda ɗalibai maza da mata ke koyon awon ciki da karɓar haihuwa da fiɗa.

Kammalawa

A taƙaice, Dokta Barau Dikko ya riƙe manyan muƙamai a Kaduna da Legas, amma abin da ya fi ba shi matsayi a tarihi shi ne zamansa na farko. Hausawa kan ce da na gaba ake gane zurfin ruwa. Shi ya fara shiga, waɗanda suka biyo baya suka ga cewa ana iya ƙetarewa. Magungunan da suka fito lokacin da yake ɗalibi a Ingila har yanzu danginsu ne ke ceton masu jego, muddin an kai su asibiti da wuri.

Auna Fahimta

1. Kawo makarantu uku da Barau Dikko ya halarta.
2. Bayyana canje-canje biyu da aka samu a ilimin karɓar haihuwa tsakanin 1935 da 1936.
3. Yaya doguwar naƙuda ke haddasa yoyon fitsari?
4. Me ya sa Dikko ya sauka daga shugabancin Jam'iyyar Mutanen Arewa?
5. Yi bayanin ma'anar waɗannan: goyon ciki, mabiyiya, yankan gishiri, jijjiga.