Fridtjof Nansen: Daga tekun ƙanƙara zuwa hidimar 'yan gudun hijira

A shekarar 1996 ƙasar Norway ta buga wata kwandala ta musamman mai darajar krone 5, ɗauke da hoton jirgin ruwan nan mai suna Fram, domin tunawa da cika shekaru 100 da dawowar Fridtjof Nansen daga yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya.

An haifi Nansen ne a ranar 10 ga watan Oktoban 1861 a kusa da birnin da a yau ake kira Oslo. Ya yi karatun ilmin dabbobi, amma sunansa ya fito ne a 1888, lokacin da shi da abokan tafiyarsa biyar suka keta tsibirin Greenland daga gabas zuwa yamma a kan ƙanƙara.

Tafiyar Fram

Nansen ya yi imanin cewa ƙanƙarar tekun Aktik tana tafiya sannu a hankali daga gaɓar Saiberiya zuwa wajen Greenland. Don haka ya sa aka ƙera masa jirgi mai zagayayyen gindi, ta yadda idan ƙanƙara ta matse shi za ta ɗaga shi sama maimakon ta murƙushe shi.

Jirgin ya tashi a watan Yunin 1893, kuma da gangan aka bar shi ya daskare a cikin ƙanƙara.

A watan Maris na 1895, Nansen da Hjalmar Johansen suka bar jirgin, suka nausa arewa da karnuka masu jan kaya, har suka kai inda babu wanda aka san ya taɓa takawa kafin su. Sun shafe hunturu guda a wata bukkar duwatsu suna cin naman dabbobin da suka harbo, kafin su isa gida a watan Agustan 1896.

Fasfon marasa ƙasa

Sai dai babban aikinsa na nan gaba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙungiyar ƙasashe wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora masa alhakin mayar da fursunonin yaƙi gida, inda fiye da mutane dubu 400 suka koma ga iyalansu.

A 1921 aka naɗa shi babban kwamishinan 'yan gudun hijira. Da ya ga ɗimbin Rashawan da juyin juya hali ya raba da ƙasarsu ba su da takardar tsallaka iyaka, sai ya ɓullo da wata takardar shaida a 1922, wadda aka fi sani da fasfon Nansen. Ƙasashe sama da 50 ne suka amince da ita.

A wannan shekarar ce aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Nansen ya rasu a ranar 13 ga watan Mayun 1930 yana da shekaru 68. Jirgin Fram na ajiye a wani gidan tarihi a Oslo, yayin da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayar da lambar yabo mai ɗauke da sunansa tun 1954.