Baba Yara: yaron dawaki da ya zama sarkin 'yan wasan gefe

Duk wanda ya taɓa zuwa Kumasi kallon Kotoko ya san filin Baba Yara. Amma ka tsayar da samari goma a Nima ko Maamobi ka tambaye su wane ne mai sunan, da wuya biyu su ba ka amsa. Wani zai ce maka attajiri ne, wani ya ce ai tsohon sarkin Zango ne. To ba ko ɗaya. Ɗan ƙwallo ne, kuma namu ne. Sunansa na yanka Osman Seidu, wato Usman Sa'idu da bakinmu. An haife shi a Kumasi ranar 12 ga Oktoba 1936, ya rasu a nan Ankara ranar 5 ga Mayu 1969 yana da shekara 32. A cikin shekarun nan, takwas kacal ya yi yana buga babbar ƙwallo. Shida na ƙarshe kuwa ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsa shi ne ba da bol ya fara ba. Da doki ya fara. Yana yaro ya yi sukuwa a filin tseren dawaki na Ankara, daga wajen 1950 zuwa 1955. Mai wannan sana'a dole ya zama marar nauyi, mai zuciya, wanda ya san lokacin da zai kutsa ta ɗan ƙaramin gurbi tsakanin dawaki biyu ba tare da ya yi wata-wata ba. Ni dai a ganina can ya koyo rabin abin da ya zo ya yi wa 'yan baya a gefen dama.

A 1955 ya shiga Asante Kotoko, kuma a shekarar aka kira shi ƙungiyar ƙasa, lokacin ana ce mana Gwalkwas, ba a sami 'yanci ba tukuna. Wasansa na farko da Najeriya ne, a gasar kofin Jalco da ƙasashen biyu ke yi duk shekara. Aka tashi 7 da nema. Yaro mai lamba 7 a baya ya ci biyu, kuma ana lissafa masa cewa shi ya bayar aka ci huɗu. Har yau Najeriya ba ta taɓa shan kashi irin wannan a hannun kowace ƙasa ba. Idan 'yan uwanmu na Kano da Legas suka taso da cacar baki kan dafa-duka, ga abin da za ku riƙa tuna musu.

Da shi Kotoko ta ɗauki kofin FA a 1958 a hannun Hearts, ta ɗauki lig a 1959. Daga nan aka laƙaba masa sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma.

Sai siyasa ta shigo. A 1961 Ohene Djan, daraktan wasanni na gwamnatin Nkrumah, ya kafa sabuwar ƙungiya mai suna Real Republikans, wadda mutane ke kira ƙungiyar Osagyefo. Dabarar ita ce a tsamo gwanaye biyu daga kowace babbar ƙungiya a haɗa su wuri guda, su zama ƙashin bayan Black Stars. Daga Kotoko aka ɗauke Baba Yara da Dogo Moro. Mutanen Kumasi ba su ji daɗi ba ko kaɗan, da ma can tsakaninsu da gwamnatin ba wani shiri. Ta fuskar ƙwallo dai dabarar ta yi aiki, don Republikans ta ci lig, ta kuma ɗauki kofin FA sau huɗu a jere daga 1962, kafin juyin mulkin 1966 ya yi awon gaba da ita.

Ranar 24 ga Maris 1963 suna dawowa daga Kpando a yankin Volta, inda suka doke Volta Heroes. A Kpeve motarsu ta ƙwace a kan kwana. Sauran 'yan wasan suka tsira da ƙananan raunuka, shi kuwa lakarsa ta taɓu. Shekarunsa 26.

Aka garzaya da shi Ingila tare da wani likita daga asibitin soja na 37, wannan da ke nan gefenmu, aka kwantar da shi a asibitin Stoke Mandeville. Ba ƙaramin wuri ba ne. A can ne likita Ludwig Guttmann ya fara shirya wa masu ciwon laka wasanni a 1948, abin da ya girma ya zama gasar Olimfik ta naƙasassu. An sa rai zai tashi cikin 'yan watanni. A watan Agusta ya sauka a filin jirgin Ankara bisa keken guragu. Aka gwada na gargajiya, shi ma shiru. A watan Disamba na shekarar, Ghana ta ɗauki kofin Afirka karo na farko, a gida, ta ci Sudan 3 da nema. A 1965 ta sake ɗauka a Tunisiya. Mutumin da aka gina ƙungiyar da shi bai taka fili a ko ɗaya ba. Ya cika a asibitin Korle Bu. Allah ya jiƙansa.

Akwai wani ɗan wasa a Amurka da ƙaddararsa ta yi kama da wannan, kuma nakan ajiye su biyun kusa da juna. A wasan besbol, wanda ake jefo ƙaramar ƙwallo a doke ta da kulki, an yi wani baƙar fata mai suna Roy Campanella na ƙungiyar Dodgers, wanda sau uku ana zaɓensa gwarzon lig ɗinsu. A Janairun 1958 motarsa ta zame a kan ƙanƙara, wuyansa ya karye, ya shanye. Ranar 7 ga Mayu 1959 aka shirya wasa na musamman a Los Angeles don a tara masa kuɗin magani. Mutum 93,103 suka shiga. Aka kashe fitilun filin, jama'a suka kyasta ashana don girmama shi. Kusan shekara hamsin ba a sake tara jama'a haka a wasan besbol ba. Ƙungiyar ta ba shi aiki, ya rayu har 1993. Shi ya yi shekara 35 bayan hatsari, namu shida. Rauni ya bambanta da rauni, kuma kwana na Allah ne, amma kulawa ma tana da nata rabon, kada mu yaudari kanmu. Mu sai a zamanin Kufuor, sama da shekara talatin da rasuwarsa, aka sa wa filin Kumasi sunansa. Gara shi ma, sunan ya zauna. Na Ohene Djan da aka sa wa filin Ankara, rigima ta sa aka cire.

Saura maganar ƙwallayensa. Adadin da ake yawan ambata shi ne ya ci wa ƙasa 49 a wasa 51. Ku duba fa: Asamoah Gyan, wanda ke riƙe da kambun, 51 ya ci a wasa 109. Idan lissafin Baba Yara ya tabbata, shi ne na biyu, yana gaban Edward Acquah. Amma jerin da ake bugawa ba ya sa shi a wurin. Ke nan ko dai an tauye shi, ko kuma masoya sun yi ƙari, kuma shekara sittin babu wanda ya zauna ya raba gardamar.

Mutanen besbol sun fuskanci irin wannan. Baƙaƙen da wariyar launi ta hana su shiga babban lig sun yi nasu lig ɗin, ba a adana alƙalumansu yadda ya kamata ba. Masu bincike suka kwashe shekaru suna tonon tsofaffin jaridu, wasa bayan wasa. A 2024 aka haɗa sakamakon da na babban lig, sai ga Josh Gibson, wanda ya mutu tun 1947, ya ture Ty Cobb daga matsayi na ɗaya a yawan dacewar duka.

Namu aikin bai kai wannan wuya ba. Wasa hamsin da 'yan kai ne, tsakanin 1955 da 1963. Jaridar Daily Graphic ta fara fitowa tun 1950, wato duk rayuwarsa ta ƙwallo ta faɗo cikin zamaninta. Muna da yara a Legon da ke neman abin da za su yi bincike a kai, kuma ofishin jaridar yana Graphic Road, ba nisa da Circle.