Malam Sambo Ɗan Ashafa: Tarihin Wani Malami a Cikin Sunayensa

Malam Muhammadu Sambo, wanda aka fi sani da Ɗan Ashafa, malami ne Bafulatani daga almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma shi ne ya kafa garin Gusau. Ga mai bin diddigin salsala, sunayensa kaɗai sun isa madogara, domin kowane ɗaya yana ɗauke da wani yanki na tarihinsa.

Muhammadu shi ne sunansa na yanka. Sambo kuwa laƙabi ne da Fulani suke yi wa ɗa namiji na biyu. Ɗan Ashafa nasaba ce zuwa ga mahaifinsa, kuma Ashafa ita ce yadda Hausawa suke kiran littafin Ash-Shifa na Alƙali Iyad, wanda ake karantawa a zaurukan malamai har yau.

Ya fito ne daga 'Yandoto, tsohuwar cibiyar ilimi da ke kusa da Tsafe ta yanzu, a yammacin ƙasar Katsina ta wancan zamani. Da jihadi ya ɓarke a 1804, sai kawunan malaman garin suka rabu. Mafi yawansu suka ƙi bin Shehu, shi kuwa Malam Sambo yana cikin 'yan tsirarun da suka amsa kira, abin da ya sa zaman garin ya gagare su. Muhammadu Bello ya nemi a zauna a yi muƙabala, malaman suka ƙi, aka ci garin da yaƙi a wajajen 1806. Ta haka Malam Sambo ya tsinci kansa a ɓangaren da ya rushe makarantar da ta yi renonsa.

A wannan zamani ne ya kafa Gusau a gefen kogin Sakkwato. Ruwayar baka tana danganta sunan garin da kalmar gusa, saboda ƙaurar da jama'arsa suka yi ta yi. Sarautar gidansa ita ce Sarkin Katsinan Gusau, wadda take tunatar da cewa yankin a da na Katsina ne. Haka maƙwabtansa: 'Yandoton Tsafe yana riƙe da sunan tsohon garin, Sarkin Fulanin Bungudu yana riƙe da sunan ƙabila.

Ya rasu a 1827, ɗansa Abdulƙadir ya gaje shi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1828, hukumar ƙasar Denmak ta yi dokar tsayar da sunan iyali. Kafin nan, ɗafin -sen a sunaye irin su Jensen da Hansen yana yin aikin da ɗan yake yi a Hausa, yana sauyawa daga uba zuwa ɗa. Dokar ta daskarar da shi, ya zama gado. A ƙasar Hausa ba a yi irin wannan doka ba, don haka salsala ta zauna a cikin sarautu da kirari da waƙoƙin makaɗan fada. Da makarantun boko suka zo, sai ɗalibai da dama suka ɗauki sunayen garuruwansu. Shi ya sa a yau mutane da yawa suke amsa sunan Gusau ba tare da sun haɗa jini da Malam Sambo ba, garin da ya kafa kuma ya zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996.