Charles Huggins: Likitan da ya gano yadda ake hana sankarar furostet abinci

Dattijon da ya taso daga Zango ko Daura zuwa asibitin koyarwa a Katsina ko Kano, aka tabbatar masa da sankarar furostet ta bazu a jikinsa, sau da yawa allura ake rubuta masa duk wata ɗaya ko wata uku. Tushen wannan magani aikin wani likita ne, Charles Huggins.

Furostet wani ƙullutu ne mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye bututun fitsari.

Daga Kanada zuwa Chicago

An haifi Huggins ranar 22 ga Satumban 1901 a Halifax da ke Kanada. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Harvard a 1924, ya kama aiki a Jami'ar Chicago a 1927, inda aka ɗora masa kula da cututtukan hanyar fitsari duk da ba fanninsa ba ne.

A kan karnuka ya fara bincike. Ya lura cewa idan aka dandaƙe tsohon kare, kumburarren furostet ɗinsa yakan motse. Makiyayi ya san dandaƙa tana sauya bunsuru. Huggins ya gano dalilin a furostet: sinadarin maza da maraina ke samarwa, testosteron, shi ke ciyar da shi.

A 1941, shi da ɗalibinsa Clarence Hodges suka nuna haka abin yake ga mutane. Cire maraina ko ba da sinadarin mata yana sa sankarar ta lafa, ciwon ƙashi ya ragu. Cikin majinyata 21 na farko da cutar ta bazu a jikinsu, huɗu sun ƙara fiye da shekara 12 a duniya.

Wannan ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Allurar yau ma aikinta ke nan: tana hana maraina samar da sinadarin, ba tare da tiyata ba.

Inda maganin ya gaza

Huggins ya ga cewa cutar takan dawo wa da yawa daga majinyatansa bayan ta lafa. Hana ta abinci yana ja mata birki, amma ba ya tumɓuke ta.

Akwai kuma nau'o'in da ba kasafai ake samu ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sankarar furostet iri ɗaya ce, wadda ke dogara da testosteron. Amma nau'i mai ƙananan ƙwayoyin halitta, da wanda ke tsirowa daga tsoka, ba su damu da shi ba. Suna saurin bazuwa, kuma gwajin jini na PSA kan iya fita lafiya lau alhali suna nan. Mai ƙananan ƙwayoyin, da magunguna irin na sankarar huhu ake tunkarar sa.

Shi ya sa likita ke ɗebo ɗan nama daga furostet a duba a madubin likita kafin a zaɓi magani. Wahalar fitsari ba lallai sankara ba ce, galibi kumburin tsufa ne, amma gwaji kaɗai ke bambancewa.

Huggins ya ci gaba da zuwa ɗakin bincikensa har cikin tsufa. Ya rasu a Chicago ranar 12 ga Janairun 1997, yana da shekara 95.