Asa Gray: Dattijon Ikkilisiya, Abokin Darwin

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:22-28

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ɗanka ya taɓa dawowa daga makaranta ya gaya maka an koya masu cewa mutum da biri tushensu ɗaya ne, ya kuma tambaye ka ina labarin Adamu ya kwana. Wataƙila tsawa kawai ka yi masa, domin ba ka da amsa a hannu. Wannan tambaya ba yau ta soma ba. Bari in ba ka labarin wani mai bi wanda ta same shi tun tana ɗanya, gama mutumin da ya tayar da ita abokinsa ne.

An haifi Asa Gray ran 18 ga Nuwamba 1810 a wani ƙauye cikin jihar Niyok ta Amurka. Ubansa manomi ne, majemi kuma. Ya yi karatun likita har ya gama a 1831, amma zuciyarsa ba ta ga marasa lafiya, tana ga ganyaye da furanni. Ya bar aikin likita ya bi wani masanin tsire-tsire mai tsoron Allah, John Torrey, ya zauna a gidansa, a nan ne kuwa bangaskiyarsa ta kafu. A 1842 Jami'ar Harvard ta ɗauke shi malami. Kafin a jima babu wanda ya kai shi sanin tsire-tsiren Amurka. Duk da sunan da ya yi, bai bar zuwa sujada ba, har ya zama dikon a ikkilisiyarsa.

A 1855 wasiƙa ta zo masa daga Ingila, daga wurin Charles Darwin, yana neman bayani a kan tsire-tsire. Daga nan suka shiga rubuta wa juna. Ran 5 ga Satumba 1857 Darwin ya buɗe masa asirin da ya daɗe yana ɓoyewa. A ganinsa, halittu suna haihuwa fiye da yadda abinci zai ishe su, ƴaƴan kuma ba su fitowa daidai da juna. Waɗanda suka fi dacewa da wurin zamansu su ne suke rayuwa su haihu, a hankali a hankali, cikin zamanai masu tsawo, sai sabon iri ya fito daga tsoho.

Gray bai toshe kunne ba, domin shi ma ya ga wani abu da ya dame shi. An kawo masa tsire-tsire daga Japan, ya duba, sai ga da yawa cikinsu kamar an tsaga kara da na gabashin Amurka, alhali teku da ƙasa mai faɗi sun raba su. Ya gane cewa kakansu ɗaya ne, wanda ya taɓa yaɗuwa a arewacin duniya kafin ƙanƙara ta kore shi kudu ta raba zuriyarsa biyu. Da littafin Darwin ya fito a 1859, Gray ne ya tsaya aka buga shi a Amurka bisa ƙa'ida, har marubucin ya sami haƙƙinsa.

To, a nan ne labarin yake da abin mamaki. Babban mai gāba da Darwin a Harvard shi ne Louis Agassiz, shahararren masani daga Suwizalan. Shi yana koyarwa cewa Mahalicci ya yi kowane iri dabam a wurinsa dabam. Da jin haka za ka ce ai shi ne mai tsaron Littafi Mai Tsarki. Amma ya kai koyarwar har kan mutane: ya ce baƙar fata da farar fata ba daga iyaye ɗaya suka fito ba, dabam-dabam aka halicce su. A lokacin ana cinikin bayi a kudancin Amurka, masu bayi kuwa suka karɓi maganar hannu biyu-biyu. Gray, wanda ake zargi da bin Darwin, shi ne ya tsaya a kan cewa dukan ƴan adam zuriya ɗaya ne, abin da Manzo Bulus ya shaida wa mutanen Atina a karatunmu na yau. Ya ƙi bauta da zuciya ɗaya. Ka lura da wannan, ɗan'uwa: ba kowa ne mai ambaton sunan Mahalicci yake faɗin abin da Mahaliccin ya faɗa ba.

Sai dai Gray bai bi abokinsa ido a rufe ba. A 1860 ya rubuta cewa sanin hanyar da aka bi aka yi abu ba ya kawar da wanda ya yi shi. Ya kawo misalin ban ruwa. Ruwa yana gangarawa bisa ga dokarsa, amma in ka ga ya bi hanya ya shiga fangali bayan fangali, ka san akwai mai lambu. Haka yake ganin sauyawar halittu, hannun Allah ne yake bi da ita. Kai ma ka san yadda aka haife ka, ka san uwarka da ubanka, wannan kuwa bai hana ka cewa Allah ne ya yi ka ba.

Darwin ya ji daɗin rubutun, har ya biya rabin kuɗin buga shi a Ingila a 1861, amma bai gamsu ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wahalar da ke cikin duniya. Ya ambaci wani ƙwaro dangin zanzaro, wanda yake sa ƙwai a cikin jikin tsutsa, ƴaƴansa su ƙyanƙyashe su cinye ta tana da rai. Ya kasa yarda cewa Allah mai alheri ne ya shirya wannan da gangan. Kada ka yi saurin hukunta shi. Mutum ne da ya binne ƴarsa mai shekara 10 a 1851. A 1868 ya amsa misalin Gray da nasa misali: magini yana iya tsintar duwatsun da suka faɗo daga dutse ya yi gida mai kyau, amma ba domin gidan duwatsun suka fashe ba. Gray ya amince cewa ba shi da amsar da za ta rufe bakin wannan misali ta hanyar kimiyya. Bai ƙaga wata hujja ta ƙarya don ya ci gardama ba, bai kuma saki bangaskiyarsa ba. A ganina wannan ne wuri mafi daraja a rayuwarsa.

Ta ɗaya gefen kuma ƴan'uwansa masu bi suna sukansa. A 1874 Charles Hodge, babban malamin tauhidi a Princeton, ya rubuta cewa koyarwar Darwin musun Allah ce. Gray ya amsa cewa ana iya ɗaukarta haka, amma ba dole ba ne. A littafinsa Darwiniana na 1876 ya bayyana a fili cewa yana riƙe da Shaidar Bangaskiya ta Nikiya. A 1880 ya yi wa ɗaliban tauhidi na Yale jawabi, inda ya yarda cewa jikin mutum yana da dangantaka da sauran halittu, amma kurwarsa kyauta ce daga wurin Allah. Har yau masu bi na gaskiya ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba, ba kuwa lallai ne ka yarda da duk abin da Gray ya yarda da shi ba.

Shi da Darwin ba su taɓa daidaita a kan zancen Allah ba, amma zumuncinsu bai yanke ba. Sun rubuta wa juna wasiƙu kusan 300. Gray da matarsa Jane sun ziyarci gidan Darwin a 1868, a 1877 kuma Darwin ya keɓe wa Gray littafinsa a kan furanni don girmamawa. Darwin ya rasu a 1882. Gray ya ci gaba da aikinsa a cikin busassun ganyayensa har shanyewar jiki ta kwantar da shi a ƙarshen 1887. Ya rasu ran 30 ga Janairu 1888, yana da shekara 77.